Tsohuwar algaitar Sukotland a gwanjon intanet: saye uku kafin a dace

Mutumin da abin da yake nema

Wanda wannan nazari ya shafa direban motar asibiti ne a wani ƙaramin gari na yankin Fife, a gabashin Sukotland. Ya haura shekara arba'in. Da girmansa ya shiga koyon busa, har ya samu gurbi a ƙungiyar mabusan garinsu. Algaitar da yake busawa ta ƙungiya ce, aro aka ba shi, kuma ta roba ce. Ba ta da wani laifi, ba ruwanta da sanyi ko laima. Sai dai duk ranar atisaye yana tsayawa kusa da wani dattijo mai busa tsohuwar ƙirar Henderson da ya gada, amon nan mai kauri yana cika masa kunne. Zuwa ƙarshen 2021 ya tara fam 2,500 da niyyar mallakar tsohuwa tasa ta kansa.

Duk wanda ya taɓa kallon faretin sojoji a Abuja ya san wannan algaita. Akwai salka da mabushi ke matsewa a hammata, da bututun da yake hura mata iska, da sarewa mai huda takwas inda yatsu ke aiki, sai sandunan amo guda uku da ke jingine a kafaɗa, biyu gajeru, ɗaya dogo mai kaurin murya. Kowane gajere gaɓa biyu ne, dogon gaɓa uku. Ga kuma mazaunai biyar da ake ɗaurewa a jikin salka, inda ake cusa sauran. Idan an wargaza ta, guntayen katako goma sha huɗu ke nan. Salka da harsunan busa, wato 'yan siraran abubuwan da ke kaɗawa a cikin sanduna da sarewa idan iska ta ratsa su, kayan ƙarewa ne, ana sauya su. Ita ma sarewa mabusa kan sauya ta duk bayan 'yan shekaru. Kuɗin tsohuwar algaita yana cikin sandunan amo ne da mazaunansu, musamman faɗi da santsin ramin da aka huda a cikinsu, domin daga nan amo ke fitowa.

Sunayen da ake rububi sanannu ne. Akwai Peter Henderson na Gilasgo, wanda ya karɓi shagon Donald MacPhee a 1880, kamfaninsa kuma ya haɗe da na R.G. Hardie a 1973. Akwai R.G. Lawrie, shi ma a Gilasgo, da ya fara a 1881. A Edinbura akwai gidan Glen da James Robertson. Sai iyalan MacDougall na Aberfeldy, waɗanda ƙirar Duncan, da ya rasu a 1898, ke cikin mafi tsada. Tsofaffin maƙeran sun yi aiki da katakon kokas na Jamaika da Kuba, da kuma ebani, wanda dangin kanya ne. Daga baya baƙin katakon Afirka ya mamaye sana'ar, wanda ake kawowa daga Tanzaniya da Mozambik, masu Swahili na ce masa mpingo. Nauyinsa ya kai idan an jefa shi a ruwa nutsewa yake.

Akwai dillalai da ke sayen irin waɗannan su gyara su sayar da tabbacin asali, amma farashinsu ya fi ƙarfin aljihunsa ga sunan da yake so. Shi ya sa ya juya ga gwanjo. Shugaban mabusan ƙungiyar ya ja masa kunne tun farko cewa sayen algaitar da ba a ji muryarta ba cinikin biri ne a sama.

Janairu 2022: ta kakan wani

Tallar farko a wani babban shafi ya gan ta, irin wanda kowa ke iya sa kayansa. Mai sayarwar ya rubuta cewa a ɗakin shirgin gidan kakansa ya tsince ta, kakan ya yi soja a Yaƙin Duniya na Biyu, shi kuwa bai san komai game da busa ba. Amma a layi na biyu ya ce da baƙin katakon Afirka aka yi ta. Hotuna huɗu ne, dukkansu daga nesa, an shimfiɗa ta a kan kafet da rigar salkarta da igiya mai tuntaye. An buɗe tayi a fam 99. A minti na ƙarshe ta faɗa hannunsa a kan fam 420.

Tun daga ɗaga kwalin ya ji ba nauyi. Da ya goga tsumma mai ɗan sinadarin goge fenti a gindin wata gaɓa, baƙin ya biyo tsumman, jan katako ya bayyana. Ya ɗaga gaɓar yana leƙen ramin ta wajen haske, ya ga ciki duk kaushi da zaren katako a tsaye. Zobban ƙarfen sirara ne, gaɓoɓin suna lilo a junansu. Ya sa harsunan algaitar ƙungiya ya gwada. Sanda ɗaya ya ƙi tsayawa a murya guda, ɗayan yana ɗaukewa da an ɗan matsa salka.

Shugaban mabusa kallo ɗaya ya yi mata ya ce ƙirar Siyalkot ce. Wannan birni na lardin Punjab a Pakistan ya daɗe yana ƙera algaitar Sukotland tun zamanin mulkin Ingila, galibi da katakon shisham, kuma a fili ake sayar da su da araha ga masu son abin rataye a bango ko na wasa. Sabuwarta ba ta kai sulusin abin da ya biya ba. Maƙeran can ba su yaudari kowa ba. Mai yaudarar shi ne wanda ya bar ta ta yi ƙura ya laƙa mata labarin kaka.

Ya shigar da ƙorafi cewa kayan ba su dace da bayaninsu ba, ya haɗa da hoton wurin da fentin ya fita. A Birtaniya, ko mutum ba ɗan kasuwa ba ne, wajibi ne abin da ya sayar ya yi daidai da yadda ya siffanta shi. Labarin kaka ba mai iya ƙaryata shi, amma zancen irin katako ana iya gwada shi. Bayan mako biyar aka mayar masa da kuɗinsa cif.

Mayu 2022: hatimi a wuyan sarewa

Ya fito daga wannan da ƙudurin cewa ba zai sake saye ba sai ya ga sunan maƙeri, kuma sai a gidan gwanjo na gaske. A watan Mayu ya samu ɗaya a arewacin Ingila, gidan da ya fi sayar da kujeru da agogunan bango da kayan mamata, yana kuma watsa gwanjonsa kai tsaye a intanet. Kundin kayan ya ce algaitar ana danganta ta ga Peter Henderson na Gilasgo, ta wajen shekarun 1920, baƙin katako da kwalliyar hauren giwa. An matso da kyamara a hoto ɗaya kan wuyan sarewar, ga hatimin Henderson raɗau. Ƙiyasin gidan daga fam 800 zuwa 1,200 ne.

Gidajen gwanjo kan ware ranar da masu saye za su zo su duba kaya da hannunsu, sukan kuma aika rahoton lafiyar kaya kyauta ga wanda ya nema. Tafiyar awa huɗu ce a mota, bai je ba. Rahoton ma bai nema ba. Ya tsayar a ransa ba zai wuce fam 1,100 ba. Da aka zo kanta sai ya rage shi da wani mai tayi ta waya, kowa na ƙara hamsin, aka buga guduma a fam 1,300.

Takardar biya ce ta fara sanyaya masa jiki. La'adar mai saye kashi 25 cikin ɗari ce, da harajin kashi 20 a kan la'adar, wato fam 390. Kuɗin tayi ta intanet da harajinsa fam 78. Aikowa fam 45. Jimla fam 1,813.

Ya kai ta wurin wani tsohon mai gyara a gefen Gilasgo, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa a gaban injin sassaƙa. Wannan bai ko kalli hatimin ba da farko. Ya wargaza ta ya jera gaɓoɓin a tebur. A jikin kowane sanda akwai ado na siraran layuka da ƙananan ƙulli da ake yankawa a injin, kuma kowane shago da irin tazararsa da zurfinsa. Na dogon sanda da na gajere ɗaya sun yi daidai, kuma ya yarda za su iya zama na Henderson. Saman ɗaya gajeren kuwa layukansa sun fi yawa, sun fi kaifi. Ya auna ramukan biyu, ya samu bambancin kusan rabin milimita. Sannan ya kashe fitila ya haska tocila mai shuɗin haske, irin ta duba jabun kuɗi. Haure na gaske yakan yi fari fat a ƙarƙashinta, kuma idan an duba inda aka yanke shi a kwance ana ganin layuka masu giciye da juna. Duk kwalliyar ta haska ban da ta wannan gaɓa, wadda ta zauna dusu-dusu. Roba ce. Mazaunai biyu ma na wani shago ne dabam. A gaɓar tsakiya ta dogon sanda, ƙarƙashin zobe, akwai tsaga mai tsawon santimita uku da aka shafe da baƙin kaki.

Sarewar kam ta Henderson ce ba shakka. Amma sarewa cire ta ake yi a sa wata cikin daƙiƙa biyar, kuma shaguna sun sayar da ɗimbinsu su kaɗai ga masu algaitun wasu maƙera. Ganin ta a akwati bai fi ganin sirdi mai kyau a bayan doki ba. Ba ya faɗin asalin dokin. Abin da ya saya haɗin gambiza ne na aƙalla shaguna uku.

Yuni zuwa Nuwamba 2022: tsaga da dokar haure

Ya rubuta wa gidan gwanjon. Suka nuna masa sharuɗɗan da ya amince da su lokacin rajista. A yaren masu gwanjo, cewa ana danganta kaya ga wane ra'ayi ne kawai, ba shaida ba. Ana sayar da kaya yadda suke, da aibinsu. Ba sa karɓar abu sai in an nuna jabu ne da aka ƙera da gangan don yaudara, wannan kuwa tsohuwa ce da ta sha gyara a hannaye da yawa. Damar kwana 14 ta fasa cinikin intanet da dokar Birtaniya ta bai wa mai saye ba ta shafi gwanjon da jama'a ke iya halarta da ƙafarsu ba. Maganar ta mutu a nan.

Sai ya ce bari ya busa abarsa. Ya ɗaura sabuwar salka ta aro, daren farko ya yi kusan awa guda yana busa. Katakon ya shekara da yawa a bushe. Danshin numfashi ya kumbura cikin ramin alhali bayan yana nan a ƙeƙashe, da ya gama kuma ya ajiye akwatin kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Cikin mako guda tsagar ta tashi daga santimita uku zuwa tara. Ya ɗura mata gam mai saurin kamawa. Gam ɗin ya toshe sama, iska ta ci gaba da fita ta ƙasa.

Mai gyaran ya kankare gam ɗin, ya yi mata ɗaurin ɓoye: ana zurfafa wasu daga cikin layukan adon, a naɗe zare mai ƙarfi a ciki da gam, a rufe a sake yanka layin yadda ido ba zai gane ba. Fam 140. Tsagar ta tsaya. Amma gajerun sandunan biyu ba su taɓa haɗa murya ba. Idan sanduna sun daidaita, kunne yana jin amo ɗaya shimfiɗaɗɗe. Waɗannan ko an daidaita su, bayan minti biyu sai a ji suna kaɗawa, wawawa, saboda ramukansu ba ɗaya ba ne, ɗumi da danshi kuma ba sa taɓa su daidai. Ya gwada harsuna iri-iri, abin bai sauya ba.

Da ya yanke shawarar rabuwa da ita, sai ya tarar ƙasa ta sauya a ƙarƙashinsa. Dokar haure ta Birtaniya, wadda majalisa ta zartar a 2018, ta fara aiki ranar 6 ga Yuni 2022, makonni kaɗan bayan sayensa. Ta haramta cinikin duk abin da ke da hauren giwa sai 'yan kaɗan da aka keɓe. Kayan kiɗa da busa na cikin waɗanda aka keɓe, da sharaɗin an ƙera su kafin 1975, hauren bai kai kashi 20 cikin ɗari na girman kayan ba, kuma an yi musu rajista kafin a sa su kasuwa. Kuɗin rajista fam 20 ne. Wanda ya karya dokar yana iya fuskantar tara mai nauyi ko ɗaurin da ya kai shekara biyar. Mallaka da busawa da gado ba laifi ba ne, ciniki ne aka ɗaure.

Mai gyaran ya auna ya rubuta masa takarda cewa hauren bai kai iyaka ba, kuma ƙirar ta girmi 1975 nesa ba kusa ba. A nan robar da ke kan baƙuwar gaɓar ta yi masa rana, domin da haure ne da sai an nemi sanin yaushe aka ƙara shi. Rajista ta fito. Duk da haka kasuwar ta ƙuntata. Shafin saye da sayarwa na eBay ya hana sayar da haure tun Janairun 2009. Masu saye daga waje kuwa sai da takardun CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirrai masu hatsarin ƙarewa, kuma mabusan Amurka ba su manta da watan Agustan 2014 ba, lokacin da jami'an iyaka a jihar Vermont suka ƙwace algaitun wasu samari biyu da ke dawowa daga gasa a Kanada saboda hauren da ke jikinsu, sai da aka yi ta kai-komo kafin a mayar musu.

A Nuwamba ya sa ta a gwanjon kayan kiɗa, aka rubuta gaskiyar halinta gaɓa-gaɓa. An buga guduma a fam 900. Bayan cire la'adar mai sayarwa da haraji, fam 738 ya shigo hannunsa. Ya kashe 1,973 a kanta. Asara fam 1,235. Abin da ya rage a asusun algaita fam 1,265 ne.

Disamba 2022 zuwa Fabrairu 2023: sauya hanya

Ƙarancin kuɗin ya tilasta masa cire haure da azurfa daga lissafi, ya kuma daina neman sunan Henderson. Ya yi yarjejeniya da mai gyaran: fam 25 kan kowace algaita da zai duba masa hotunanta kafin tayi. Ya je gidan tarihi na Cibiyar Busa ta Ƙasa da ke Gilasgo ya ƙare wa tsofaffin ƙira kallo, ya kuma roƙi dattijon ƙungiyarsu ya bar shi ya wargaza tasa ya riƙe kowace gaɓa, ya ji nauyinta, ya leƙa raminta.

Abin da yake nema daga masu sayarwa ma ya sauya. Yana so a zare kowace gaɓa a ɗauke ta ita kaɗai kusa da rula, a nuna bakinta biyu, a nuna ramin ta wajen haske, a ture igiyar da ke haɗa sandunan a ɗauki kwarmin da take zama, domin a nan Henderson da Lawrie suka saba buga hatiminsu a jikin sanda. Yana tambayar nauyi a sikeli. Idan mutum ne ba gidan gwanjo ba, yana neman hoto ɗaya da takarda mai kwanan watan ranar a gefe. Wannan buƙata ta ƙarshe ta kori wani mai tallar ƙirar MacDougall a farashin banza. Daga baya aka ga hotunan nasa a tsohuwar tallar wani dillali.

Wata kuma an rubuta cewa zobbanta azurfa ne. Azurfar Birtaniya tana ɗauke da hatimin ofishin da ya gwada ta: anka ta Bamingham, ganuwa mai hasumiya ta Edinbura, kan damisa na Landan, bishiya da kifi da ƙararrawa na Gilasgo, wanda ofishinsa ya rufe a 1964. Kusa da shi akwai harafin da ke nuna shekara. Wannan ba ta da ko ɗaya. Nikel ce aka goge. Mai gyaran ya ƙara masa da cewa ko hatimin na nan, shekarar azurfa kawai yake faɗa, domin mutane da yawa sun sa wa tsofaffin sanduna azurfa shekaru bayan ƙera su.

Lissafin tayi kuma daga baya ya fara shi. Daga 1,265 ya ware 400 na gyara da 75 na duba hotuna. Saura 790. Tunda kowane fam na guduma yana jawo kusan kashi 36 cikin ɗari na la'ada da haraji, iyakarsa fam 580 ce. Ya rubuta lambar ya manna a gefen kwamfuta. A Fabrairu wata ƙirar Robertson da mai gyaran ya yaba ta tafi a fam 600, taki ɗaya sama da iyakarsa. Ya bar ta.

Maris 2023: wadda ba ta da sarewa

A wani gwanjon kayan gida da bai fi tafiyar awa ɗaya daga garinsu ba, an sa wata da bayani na layi ɗaya: tsohuwar algaita cikin akwati, tana bukatar gyara. Ba sunan maƙeri, ba sarewa ko ɗaya. Zobbanta nikel ne da suka dushe, kwalliyarta kuma ta koma ruwan lemo mai duhu. A hoto ba ta da kyan gani.

Wannan launi na katalin ne, wata roba da maƙera suka yi amfani da ita a madadin haure a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Fara take fitowa daga shago, shekaru su rina ta. Ranar duba kaya ya je da tocila biyu da ma'aunin kauri na makanikai. Launin ya yi daidai a kan dukkan gaɓoɓin, alamar tare suka tsufa. Layukan ado iri ɗaya ne daga mazaunai har saman sanduna. Ramukan gajerun biyu sun zo daidai, cikinsu sumul ban da ƙura. Ya ture ruɓaɓɓiyar igiyar a saman dogon sanda, ya goge dauɗar kwarmin da yatsa, sai ga sunan R.G. Lawrie da Gilasgo, ya kusa shafewa. Tsaga ɗaya ya samu, siririya, a mazaunin bututun hurawa, wurin da ya fi ko'ina shan danshi. Daga cikin mota ya aika hotuna. Amsar mai gyaran ita ce ƙirar Lawrie ce ta wajen shekarun 1950, cikakkiya, kuma tsagar ba abin damuwa ba ce.

Ranar gwanjon yana bakin aiki, don haka ta waya ya shiga shafin. An buga guduma a fam 520. Da la'ada da haraji ta kama 707. Ya je ya ɗauko da kansa. Da ya bar tayinsa a rubuce wurin ma'aikatan gidan tun ranar da ya je dubawa, da ya tsira da fam 31 na kuɗin intanet.

Afrilu zuwa Agusta 2023: farfaɗo da ita

Tsohuwar salkar fatar tunkiya ce da ta ƙandare, ba a ko gwada hura ta ba aka jefar. Dalilin ya wuce ƙyama. A 2016 likitoci a Manchesta sun wallafa labarin wani mabushi ɗan shekara 61 da ya mutu da ciwon huhu, aka kuma gano funfuna iri-iri a cikin algaitarsa.

Mai gyaran ya ɗaure tsagar a fam 60. Wankewa da shafa mai da sake naɗa zaren gaɓoɓi fam 90. Sabuwar salka fam 165, harsunan sanduna fam 75. An bar katakon a ɗaki mai sanyi nesa da na'urar ɗumi, ana shafa wa ramukan man almon kaɗan-kaɗan ana barin su su sha. Busa kuwa minti goma a rana aka yarje masa a makonni biyun farko, a share danshi bayan kowace, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ba wata tsaga da ta fito.

Matsala ɗaya ta taso da ya haɗa ta da sarewar ƙungiya. Muryar sarewa ta yi ta hawa cikin shekaru. Ta yau tana kaiwa wajen kaɗawa 480 a daƙiƙa, alhali na zamanin da aka ƙera waɗannan sanduna sun fi kusa da 460. Kafin tsofaffin sandunan su kamo wannan murya sai an gajarta su, an tura saman har ya kusa zama a ƙasa, a nan kuma amon yakan shaƙe. Gyaran a harsuna aka yi shi, ba a katako ba: aka gajarta ɓangaren harshen da ke kaɗawa, aka murɗa kusoshin daidaitawa har muryarsa ta ɗaga, sai saman sandunan suka koma suna tsayawa daidai bakin zaren da ke naɗe a gaɓa, inda ake so. Wani ya ba shi shawarar a faɗaɗa ramukan. Mai gyaran ya ƙi, ya ce abin da aka kankare daga rami ba ya dawowa.

A watan Agusta ya fita da ita gasa tare da ƙungiyarsu. Sandunan uku suna riƙe murya ɗaya daga farkon busa zuwa ƙarshe. Jimlar abin da ta ci, da kuɗin duba hotuna, fam 1,172.

Hukunci

Saye na farko ya fi kama da wauta, amma shi ne mafi sauƙin hatsari, domin mai sayarwar ya rubuta ƙaryar da ake iya kamawa, shafin kuma yana da hanyar mayar da kuɗi. Na biyu ya fi kama da hankali, shi ne kuma ya ci kusan rabin ajiyarsa. Gidan gwanjon bai yi ƙarya ba. Masu sayar da kujeru ne da suka ga suna a sarewa suka rubuta shi da kalmar da ta kare su. Kuskuren mai sayen shi ne ya nemi shaida a gaɓar da ta fi kowace saurin sauyawa, ya kuma bar rahoton kyauta da ranar dubawa suka wuce shi. Wuce iyakarsa da fam 200 a zafin tayi ƙaramin abu ne a kan wannan. Ko a 1,100 ya saye ta, gambizar ce dai.

Abin da ya yi aiki a karo na uku shi ne ya sayi ido kafin ya sayi kaya. Fam 75 da ya biya mai gyaran bai kai kashi ɗaya cikin goma sha shida na asarar da ya yi a baya ba. Rashin sarewa da munin launin katalin sun kori masu sayen suna da masu sayen ado, suka bar masa abin da ke fitar da amo. Akwai sa'a a ciki, domin da gidan ya ga hatimin ya rubuta shi a kundi, da wuya ta tsaya a 520. Rashin haure kuma ya sa yana iya sayar da ita ba rajista, yana iya ƙetare iyaka da ita, tunda tun Nuwamban 2019 an cire gamammun kayan kiɗa na baƙin katakon Afirka daga takunkumin da CITES ta sa wa danginsa a 2017.

A ganina akwai tambayar da bai tsaya ya yi wa kansa ba tun farko. Da fam 2,500 zai iya sayen sabuwar algaitar baƙin katako daga maƙeran yau, da garanti, ya gwada ta a shago, har ya yi canji mai yawa. Manyan mabusa da dama da sababbi suke cin gasa. Tsohuwa tana da nata amo da tarihinta, kuma shi abin da yake so ke nan, amma ga mabushi a matakinsa harshe da salka da yadda yake matsa hannu sun fi shekarun katako tasiri a abin da mai sauraro ke ji. Daga abin da ya tara, fam 93 ne ya rage, kuma mai gyaran ya ce ya riƙa kawo ta duk farkon hunturu a duba ɗaurin mazaunin kafin a kunna na'urorin ɗumi.